Shawara kan kula da sarƙar keke a lokacin hunturu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu fita motsa jiki da keke. Yanzu da ƙura ta sauka, ina roƙonku ku daina zuba wa sarƙa baƙin mai na mota, domin yana da kauri, yana kama yashi, sai ya riƙa cin sarƙar da haƙoran giya har ta fara tsallakewa a kan hawa.

Abin da nake yi shi ne, daren da zan fita, in jiƙa tsumma da kalanzir in goge sarƙar ina juya feda baya, in bar ta ta bushe, sannan in ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, in sake goge wanda ya yi yawa. Ku kiyaye kada mai ya taɓa inda birki ke kamawa, saboda ni kaina na taɓa matse birki a gangara keken ya ƙi tsayawa.

Ku duba iskar taya gwargwadon adadin da aka rubuta a gefenta, kuma ku tafi da famfo, kayan faci da ruwan sha.