Kurakuran da sashen saye-saye ke yi wajen binciken kasuwa, da yadda ake gyara su

Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su tattara farashi da labarin kasuwa, su sayar wa masu sayen kaya da yawa. Platts da Argus sun yi suna a harkar man fetur, gas da takin zamani. ICIS ya fi ƙarfi a sinadarai da roba, Fastmarkets a ƙarafa da takarda, Drewry a kuɗin jigilar kwantena. Dun & Bradstreet yana duba lafiyar aljihun kamfanoni, yayin da irin su Beroe ke rubuta rahoto a kan rukunin kaya guda, tun daga masu yinsa har abin da ke tura farashinsa. Da dala ake biyansu, kuma ba su da araha. Duk da haka za ka ga masana'antar da ta biya kuɗin nan cas ta shiga ciniki kamar wadda ba ta san komai ba. Galibi bayanan daidai suke, hanyar amfani da su ce ta karkace.

Sayen rahoto kafin a san abin da ake nema

A nan ake fara ɓata. Manaja ya ce a samo masa rahoto a kan kasuwar roba, a kawo shafi tamanin mai cike da girman kasuwar duniya da jerin manyan kamfanoni, a jinjina kai, a ajiye. Irin wannan rahoto an rubuta shi ne don masu zuba jari. Mai saye tambayarsa daban: in ƙulla kwantiragin wata shida yanzu, ko in ci gaba da saye wata-wata? Wa zai iya kawo mini tan 200 a wata idan wanda nake da shi ya gaza?

Kafin a fitar da ko kwabo, a rubuta abu uku a shafi ɗaya: shawarar da za a yanke, ranar da dole a yanke ta, da yawan kuɗin da ke kanta. Sannan kada a raba kuɗin bincike daidai wa daida a kan kowane kaya. Tsarin da masanin harkar saye-saye Peter Kraljic ya fitar a 1983 har yau yana aiki: a auna kowane rukunin kaya da ma'auni biyu, nauyinsa a kan ribar kamfani da wahalar samunsa. Biro da takardar ofis ba sa bukatar mai bincike. Abin da ake yawan mantawa shi ne ɗan ƙaramin kayan da bai kai komai a lissafi ba amma wuri ɗaya ake samunsa, kamar wani sinadari ko wani sashe na inji, wanda idan ya yanke aiki ya tsaya cak.

Ɗaukar farashin duniya a matsayin farashin ƙofar masana'anta

Wannan ya fi kowanne cin kuɗi, kuma ya fi jawo rigima tsakanin sashen saye da sashen kuɗi. Kowane farashin da aka wallafa yana da sharuɗɗa: wane irin kaya, wace tashar ruwa, wane adadi, da wa zai ɗauki nauyin jigila. Farashin jan ƙarfe a LME, kasuwar ƙarafa ta Landan, na tsantsar ƙarfen ne a rumbunan da kasuwar ta amince da su, ba na wayar lantarki ba. Farashin alkama a Chicago na wani nau'in alkamar Amurka ne, bai zama lallai ya zama irin wadda injin fulawarku ke niƙawa ba. Sai kuma ƙa'idojin Incoterms na 2020, guda 11, waɗanda ke fayyace inda nauyin mai sayarwa ya ƙare na mai saye ya fara: a FOB mai sayarwa ya gama nasa da zarar kaya ya hau jirgi, a CIF ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora zuwa tashar da za a sauke. Wanda ya jera farashin FOB na wani kusa da CIF na wani ya ce ga mai araha, bai kwatanta komai ba.

A ɗauki misali da alƙaluman da aka zagaye don sauƙin lissafi. Rahoto ya ce tan ɗaya na ƙwayar roba dala 1,000 ne FOB. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar kimanin tan 25. Idan jigilarta dala 3,000 ce, kowane tan ya hau da dala 120. Inshora dala 5, an kai 1,125. Harajin fito na bai-ɗaya na ECOWAS aji biyar ne, kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. A ce lambar kayan ta faɗa ajin kashi 5, an kai kusan 1,181. Harajin VAT na kashi 7.5 ya kai shi wajen 1,270, kuma ko da za a cire shi daga baya, kuɗin ya riga ya bar asusu. Idan da bashin banki aka saya, ruwa kashi 30 a shekara, kuma kuɗin ya kwana 90 kafin kayan su shiga inji, ƙarin wajen dala 95 ke nan. Ba a sa kuɗin tasha ba, ba a sa na wakilin fito ba, ba a sa tirelar da za ta ɗauko daga Legas zuwa Sharaɗa ko Challawa a Kano ba, balle tarar jinkiri idan kwantena ta wuce kwanakin da aka ba ta kyauta. Dillalin da ke Kano ya ce 1,400 a ƙofarku, mai riƙe da rahoto ya ce ana cutarsa da dala 400, alhali ƙila dillalin ne ya fi sauƙi.

Gyaran shi ne kowane kaya mai muhimmanci ya samu jadawalin lissafinsa daga tashar da ya taso har ƙofar sito, layi-layi, kowane layi da inda aka samo adadinsa da kwanan wata. Layi biyu ne suka fi motsi, don haka a riƙa sabunta su kowane mako. Na farko jigila: ma'aunin Drewry ya haura dala 10,000 a kan kwantena mai ƙafa 40 a Satumban 2021, alhali kafin korona bai kai dala 2,000 ba. Na biyu canji: kafin Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. A irin wannan lokaci kaya zai iya sauka a dala ya ninka a naira. A kuma tuna cewa kwastam da nata canjin take lissafin haraji, ba da wanda kuka sayi dalarku ba.

Karɓar ƙarin farashi ba tare da an warware shi ba

Mai kawo kwali ya aiko wasiƙa cewa takarda ta tashi da kashi 20, don haka kwali ma zai tashi da kashi 20. Sashen saye ya duba rahoto, ya ga lallai takarda ta tashi, ya sa hannu. An manta cewa kwali ba takarda zalla ba ne. A ce cikin kowace naira 100 ta kuɗinsa takarda 60 ce, wuta da dizal 10, ma'aikata 10, jigila 5, sauran 15 hidimar ofis da riba. Tashin takarda da kashi 20 naira 12 ya kamata ya ƙara. Sauran 8 kyauta aka ba shi.

Wannan warwarewa ita ce aikin da ya fi dacewa a biya mai bincike ya yi, domin da ita ake zama teburin ciniki. Da ita kuma ake rubuta sharaɗin sauyin farashi a kwantiragi, kuma a nan ma ana tafka kurakurai. Dole a ambaci ma'aunin da za a bi da cikakken sunansa, da watan da aka ɗauka a matsayin tushe. A yi amfani da matsakaicin wata uku maimakon farashin rana ɗaya. A sa iyaka, misali ba a taɓa farashi sai motsin ya wuce kashi 3. Sama da duka, sharaɗin ya yi aiki sama da ƙasa. Babu mai kawo kayan da zai rubuto wasiƙa ya ce takarda ta sauka, ku rage mini; idan ba a rubuce yake ba, ƙarin da aka yi ya zauna ke nan.

Yarda da hasashe kamar yankan wuƙa

Hasashen farashi ra'ayin masana ne a kan abin da aka sani ranar da aka rubuta shi. Ranar 20 ga Afrilun 2020 farashin ɗanyen man Amurka na WTI ya faɗi ƙasa da sifili. Ranar 8 ga Maris 2022 ƙarfen nikel ya haura dala 100,000 a tan har LME ta dakatar da cinikinsa. Indiya ta hana fitar da alkama a Mayun 2022, ta hana fitar da farar shinkafar da ba basmati ba a Yulin 2023. Kasafin da aka ɗora a kan lamba ɗaya ba ya jure irin waɗannan.

A nemi mai bincike ya ba da yanayi uku, na tsakiya, na tsada da na sauƙi, tare da abin da zai haifar da kowanne. Kamfani kuma ya tsara tun yanzu abin da zai yi a kowane yanayi: a wane farashi za a sayi kayan wata uku a ajiye, a wane farashi za a koma wani nau'in kayan. Ba kowane manaja ke son wannan ba, don lamba ɗaya ta fi daɗin kai wa shugabanni.

Masu kawo kaya uku, tushe ɗaya

Dokar cikin gida ta yawancin kamfanoni ta ce a karɓi tayin farashi daga wuri uku. Ana cika ta, amma ba a tambayar daga ina su ukun suke samo kayan. Sau da yawa masana'anta guda ce a Sin ko Indiya, ko mai shigo da kaya guda a Legas. Ambaliyar Tailan ta 2011 ta nuna wa kamfanonin kwamfuta haka: sunayen masu kawo musu ma'ajiyar bayanai daban-daban ne, amma masana'antu da masu yin ƙananan sassan sun taru a yankin da ruwa ya cinye. Ga kayan da ke iya tsayar da aiki, a buƙaci sunan masana'anta, garin da take da tashar da kayan ke bi, a rubuce. A gida kuma a duba rajistar kamfanonin a hukumar CAC: daraktoci, masu hannun jari da adireshi. Tayi uku daga mutum ɗaya mai kamfani uku tsohuwar dabara ce.

Raina kasuwar gida

Rahotannin waje ba sa ganin Dawanau, Dandume ko Saminaka. Kamfanin abincin kaji ko na man gyaɗa da ke sayen amfanin gona dole ya kafa nasa kunnen, ko ya haɗa da farashin da kasuwar hajoji irin AFEX ke fitarwa. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a buga wa dillali ɗaya waya a rubuta abin da ya faɗa. Farashin da aka yi tayi daban, wanda aka sallama daban. A samu aƙalla mutum uku a kowace kasuwa, ranar da take ci, kuma kada duka su zama masu sayar muku.

Sannan buhu ba ma'auni ba ne. A mayar da komai zuwa kilo, a kuma auna danshi. Masarar kaka mai danshi kashi 18, idan ta bushe zuwa kashi 13 da ake so don ajiya, kilo 100 zai koma kimanin 94. Wanda ya saye ta da ragin kashi 4 yana murna, ruwa ya saya, ga haɗarin ruɓewa da gubar afulatoksin a sito. Kwatanta farashin Nuwamba da na Yuli ma ba ya nuna komai sai bambancin kaka da damina. Watan bana da irinsa na bara ake jerawa.

Ɗaukar kamfanin bincike ba tare da an bincike shi ba

Tambayoyin ba su da yawa. Farashin nan na cinikin da aka ƙulla ne ko na jin ra'ayin 'yan kasuwa? Mutum nawa aka tuntuɓa, a wace ƙasa, yaushe? Ku nuna mana hasashenku na shekara biyu da suka wuce mu gwada da abin da ya faru. Masu kawo kayan da kuke yabawa suna biyanku wani abu? Za mu iya magana da wanda ya rubuta rahoton? Rahoton da ya ce ya shafi Afirka baki ɗaya amma bayanansa daga Afirka ta Kudu da Masar suke, ba zai gaya muku abin da ke faruwa a Apapa ba. A nemi gwaji a kan rukunin kaya guda da kuka riga kuka sani ciki da bai, kafin a biya kuɗin shekara. A karanta sharaɗin lasisi kuma, domin da yawa sun hana tura farashinsu ga wanda ba ya cikin rajista, har da mai kawo kayan da kuke son nuna wa hujja.

Lokaci ma yana kashe rahoto. Idan kwantiragi zai ƙare a Disamba, bincike ya kamata ya kammala tun Agusta ko Satumba, a samu sararin gwada samfurin sabon mai kawo kaya. Masu saye daga Sin su lissafa hutun sabuwar shekararsu, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa na makonni.

Akwai kuma iyakar da bincike ba ya tsallakewa. Miƙa wa ɗan kwangila takardar tayin abokin takararsa, ko ba ma'aikacin wani kamfani na goro don ya fito da farashinsu, cin amana ne, kuma da zarar labari ya zaga masu kaya na kirki za su daina turo farashinsu na gaskiya. Haɗa baki da wasu masu saye a tsayar da farashin da za a biya kuwa yana iya faɗawa ƙarƙashin dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa. Idan ana son sanin abin da sauran kamfanoni ke biya, a bi ta hannun mai bincike mai zaman kansa da zai haɗa alƙaluman kamfanoni da dama ya fitar da matsakaici ba tare da sunan kowa ba.