Canza wa yaro makaranta ana dab da jarabawa: inda iyaye suka fi tafka kuskure

Na daɗe ina koyarwa a sakandare, kuma kusan duk shekara sai na ga abu ɗaya, ana saura wata huɗu ko biyar a shiga jarabawar fita sai ga uba ya shigo ofis da yaro a bayansa da fayil a hammata, ko dai ya zo a karɓi nasa ko ya zo cirewa. Wasu dole ce ta sa, an yi wa mahaifin canjin wajen aiki, ko aure ya mutu yaron zai koma hannun ɗaya daga cikin iyayen, ko kuɗin makaranta ya gagara, ko kuma ana cin zalinsa a aji. Ni ba na cewa kar a canza, wani lokacin ma canjin ne mafita. Abun da yake damuna shi ne yawancin iyaye gani suke yaron kawai za su ɗauko su kai wani wajen, alhali rabin jarabawar tasa tana can tsohuwar makarantar, a cikin fayil da kwamfutar malamin da yake kula da jarabawa, kuma ba ta bin yaro don kawai ya canza yunifom.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cire yaro cikin fushi kafin a samu gurbi a wani wajen. An ɓata wa uba rai a ofishin firinsifal, sai ya ce toh daga yau ɗana ya bar muku makarantarku, ya fito yana huci, washegari ya fara yawon neman inda za a karɓe shi, can ne zai gane makarantu da yawa ba sa ɗaukar ɗalibi a ajin ƙarshe kwata-kwata, wasu ƙa'idarsu ce, wasu kuma hukumar ilimi ce ta hana su. Yaro ya yi sati uku yana zaune a gida ana saura 'yan watanni jarabawa, an saki reshe an kama ganye kenan. Gyaran mai sauƙi ne, duk yanda ranka ya ɓaci kar ka ce komai game da cirewa sai takardar karɓa ta sabuwar makarantar ta zo hannunka, a rubuce, ba wai "kawo shi kawai Alhaji, ba matsala" da wani ya faɗa maka a waya ba. Kuma tambayar da za ka yi musu ba "akwai gurbi?" ba ce kaɗai, ka ce musu za ku iya yi masa rijistar jarabawar bana, a darussan nan da yake ɗauka? Waɗannan tambayoyi biyu ne daban, na sha ganin an amsa ta farko da eh, ta biyun kuma sai bayan an biya kuɗi ake gano amsarta a'a ce.

Maganar rijistar nan ita ce gaba ɗaya inda gizo yake saƙar. A ƙasashe da yawa makaranta ce take yi wa ɗalibinta rijista, ba shi yake yi wa kansa ba, kuma lambar jarabawarsa a haɗe take da lambar cibiyar, wato makarantar. Haka abun yake a WAEC da NECO, haka yake a GCSE ta Ingila inda ake rubutawa a watannin Mayu da Yuni amma makarantu suna rufe tura sunaye tun a watan Fabrairu, bayan nan sai da tarar latti. Toh idan an riga an tura sunan ɗanka daga tsohuwar makaranta, can kujerarsa take, can takardar tambayoyinsa za ta je, ko da kuwa ya koma wani gari. A irin wannan halin abun da ya fi shi ne ka fara zuwa wajen malamin jarabawa na tsohuwar makarantar ka tambaye shi ƙarara, an tura sunansa ko ba a tura ba? In an tura, zaɓin da ya rage kaɗan ne, ko ya ƙarasa a nan, ko ya dinga karatu a sabon wajen ya dawo ya rubuta a nan, ko makarantun biyu su nemi hukumar jarabawar ta yarda a sauya masa cibiya, kuma wannan na ƙarshen su ne za su nema ba kai ba, yana kuma ɗaukar lokaci. Idan ƙaura ce ta kama iyali kuma saura wata biyu ko uku, gaskiya ni na fi ba da shawarar a nemi wani amintacce cikin dangi yaron ya zauna wajensa ya gama, a kan a tumɓuke shi.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a nan da mutane suke rainawa, rubutun suna. Na taɓa ganin yarinyar da aka kawo mana a ajin ƙarshe, wanda ya cike mata fom a gaggauce ya sa sunan kakanta a inda tsohuwar makarantar ta saba sa sunan mahaifi, ya kuma ƙara harafi ɗaya a sunanta, babu wanda ya lura sai da ta zo neman jami'a aka ga takardunta kamar na mutum biyu ne. Mahaifiyarta ta yi ta zarya wajen gyara har ta gaji. Ranar da za a yi rijista ka je da takardar haihuwa, ka sa yaron ya karanta sunansa da ranar haihuwarsa harafi bayan harafi a kan allon kwamfutar kafin a danna tura.

Sai kuma zaton cewa tunda sunan darasin ɗaya ne toh karatun ma ɗaya ne. Ina! Ko da silabus ɗaya makarantu biyu suke bi, ba lallai su jera batutuwan iri ɗaya ba. Wani yaro da aka kawo ajina ya buɗe min littafinsa na kemistiri, rubutu tsaf, ga zane-zane da jan biro, amma da na duba sai na ga abun da za mu yi a zangon nan su sun gama shi tun bara, abun da mu kuma muka gama tun bara su sun ajiye shi sai zangon ƙarshe. Kenan zai maimaita abu ɗaya sau biyu, wani babban sashe kuma ba zai taɓa jin sa daga bakin malami ba har ya shiga ɗakin jarabawa. Na ce masa ka san wannan? ya girgiza kai ya ce "Malam ko sunansa ban taɓa ji ba." Kuma yaron mai ƙoƙari ne fa, ba laifinsa ba ne ko kaɗan. A wasu ƙasashen abun ya fi haka muni, don a Ingila hukumomin da suke shirya GCSE sun fi ɗaya, akwai AQA da OCR da Edexcel, makaranta ce take zaɓar wadda za ta bi a kowane darasi, sai ka ga littattafan adabi da aka karanta a nan daban, na can daban, zamanin da aka karanta a tarihi ma daban, kuma kwas ɗin na shekara biyu ne, wanda ya canza a tsakiya ya shiga uku.

Maganinsa aikin yamma ɗaya ne. Ka karɓo tsarin karatun zango-zango daga makarantun biyu, ku zauna kai da yaron da biro, darasi bayan darasi, wanda ya yi a sa masa alama, wanda bai yi ba kuma sabuwar makarantar ta riga ta wuce shi a kewaye shi. Abun da aka kewaye ɗin nan shi ne ainihin aikin da yake gabanku, shi za a kai wa malamin lesin in za a ɗauka, ba wai a ce masa "ka koya masa lissafi" haka a dunƙule ba, ya je ya fara daga babi na ɗaya yana cin kuɗinku.

A nan ne kuma za ka gano ko duk darussan nasa ana koyar da su a sabon wajen. Wata makarantar ba ta da malamin zanen fasaha, wata ba ta yin Faransanci, wata tana yi amma taimtebur ya haɗa shi lokaci ɗaya da wani darasin da yaron yake ɗauka. Sai a ce masa ai ba komai, ajiye wannan ka ɗauki wancan, shi kuma don kunya ya ce toh. Kafin ka yarda da haka ka duba abun da yake son karantawa a gaba, don darasi ɗaya da aka ajiye da wasa yana iya rufe ƙofar kwas guda a jami'a.

Makin aji da firaktikal ma haka. Jarabawa da yawa ba abun da aka rubuta ranar kaɗai suke dubawa ba, akwai makin gwaje-gwajen da makaranta ta tara tsawon shekaru da ita ce take tura wa hukuma, akwai aikin ɗakin gwaji, akwai furojet. Masu yin difloma ta IB, wani tsarin karatun ƙarshen sakandare na ƙasa da ƙasa, su ma har da dogon rubutu na bincike da yake kaiwa kalma 4,000 wanda wani malami takamaimai yake dubawa tun daga farko. Iyaye sai su karɓo takardar shaidar halayya kawai su taho, a zatonsu sun gama. Ka nemi cikakken sakamakonsa na kowane zango da tambarin makaranta, da littattafan firaktikal, da duk wani aiki da ya fara bai gama ba. In yaron yana da wata lalura da ta sa ake ba shi ƙarin lokaci ko takarda mai manyan haruffa, ka karɓo shaidar hakan ma, don sabuwar makarantar sai ta nema masa da kanta. Wannan ne ya sa nake cewa a rabu lafiya, in akwai bashi a biya ko a yi yarjejeniya, in akwai zagin da kake son yi ka haɗiye shi, mutumin da ka ci wa mutunci yau shi ne za ka dawo nema ya sa maka hannu jibi.

Yaron kansa fa? Sau da yawa shi ne na ƙarshe da yake ji. Ɗan shekara 15 ko 16 ba jariri ba ne, ya san malamin da yake ganewa a wajensa, ya san abokin da suke bita tare, kuma abokan nan da kake gani kamar shirme su ne suke riƙe da shi a lokacin jarabawa. Ba ina nufin shi zai yanke hukunci ba, amma ka zaunar da shi ka tambaye shi tun kafin ka gama shiryawa, ka yi shiru ka ji. Wani lokacin a nan ne za ka gano matsalar ma ba ta makarantar ba ce. Makinsa ya faɗi ka ɗora wa malamai laifi, ashe ba ya ganin allo ne sosai, ko waya ce take hana shi barci, ko wata damuwa ce take cin sa a rai ya kasa faɗa. Irin wannan duk inda ka kai shi da kayansa zai tafi, an gudu ba a tsira ba.

Amma in cin zali ne na gaske, duka ko barazana ko wani babba yana neman lalata shi, ko ka ga yaro ya fara maganar ya gaji da rayuwa, toh a nan babu wani lissafin silabus, ka ɗauke shi yau, sauran a gyara daga baya. Jarabawa ana sakewa, akwai ta masu zaman kansu da ba sai ta hannun makaranta ba, akwai kuma maimaita aji, wanda iyaye suke gudu kamar abun kunya alhali na ga yaran da shekara ɗayan nan ce ta gyara musu komai.

Su kuma masu kwasar yara zuwa makarantar da aka ce "kowa yana ci a can", ba zan tsaya dogon bayani ba, kun san abun da ake yi a wajen. Ranar da hukumar jarabawa ta gano ana satar amsa, sakamakon cibiyar gaba ɗaya take iya riƙewa ko ta soke, har da na ɗanka da wataƙila da kansa ya rubuta.

Bayan an canza ɗin ma akwai sauran rina a kaba. Saboda tsoron giɓin da aka gano sai a lafta wa yaro lesin safe da yamma har da ranakun hutu, ga doguwar hanya sabuwa da zai dinga bi kullum, ga baƙunta, shi kuma a shekarunsa barcin awa 8 zuwa 10 yake buƙata, sai ka ga yana gyangyaɗi a aji ana cewa malalaci ne. Ka zaɓi darussa biyu ko uku da giɓin ya fi girma a fara da su. Gwajin farko da zai yi a sabon wajen da wuya ya yi kyau, kar ka ɗaga masa murya a kai, bai san salon tambayar malaman ba tukuna. Ka je da kanka ka ga malamin ajinsa a sati na biyu, kar ka jira ranar karɓar sakamako, ka ce masa Malam ga inda yaron nan ya tsaya, ga abun da bai yi ba, wallahi yawancinmu in aka nuna mana haka muna ware masa lokaci, matsalar ita ce ba a faɗa mana sai mu ɗauka ya san komai.

Kuma ka ajiye lambar wayar malamin jarabawa na makarantar da aka yi rijistar, ka rubuta lambar jarabawar yaron a wani waje daban ba a wayarsa kaɗai ba. Satifiket in ya fito makarantar da ta tura sunansa ake kai wa, ko da kun shekara da barin garin, can za ku koma karɓa.