Darasi na Tara: Neman Tsarin Saƙar Gajerar Suwaita Mai Ɗauri a Gaba

Wannan darasi na matan da hannunsu ya riga ya saba da kwarashi ko tsinken saƙa ne, waɗanda suka yi hular jariri da safa, yanzu suke son su gwada rigar babba. Rigar da muka zaɓa ita ce gajerar suwaita mai buɗaɗɗen gaba. Tana tsayawa a ƙugu ko ɗan sama da shi, ba ta da maɓalli, da igiya biyu ake ɗaure ta a ƙirji. A nan Kano a kan doguwar riga ko riga da zani ake ɗora ta, musamman da safiyar hunturu a Disamba da Janairu. 'Yan mata suna son ta saboda ba ta rufe adon atamfa. Mai koyo kuma za ta ji daɗinta, don ba ta cin ulu kamar doguwa, ba kuma sai an fitar da ramin maɓalli ba.

Hoto daban, tsari daban

Sau da yawa ɗaliba takan zo aji da hoto a waya ta ce, "Malama, ga irin wadda nake so." Hoton yana da amfani, amma ba zai gaya miki yawan sarƙar da za ki fara da ita ba. Tsarin saƙa bayani ne a rubuce, ko a zane, ko a bidiyo, wanda yake faɗin irin zaren, da girman kwarashi, da yawan ƙulli a kowane layi, da awon rigar idan an gama. Duk abin da bai faɗi waɗannan huɗu ba, ki kalla don sha'awa ki wuce. Kada ki kashe kuɗin ulu a kansa.

Inda ake samu

Ki fara da na kusa. A kusan kowace unguwa akwai wata baba ko yaya da ta daɗe tana saƙar kayan suna. Irin waɗannan mata lissafin yana kansu, ba a takarda ba. Ki je da littafinki da biro, ki gaishe ta, ki roƙe ta ta faɗa kina rubutawa: sarƙa nawa, layi nawa, a ina ake fara ragewa. Ai amfanin karatun da kike yi ke nan, abin da aka faɗa miki yau ki same shi a rubuce baɗi.

Hanya ta biyu ita ce gwanjo. A Kasuwar Ƙofar Wambai, idan sanyi ya matso, ana baza suwaitoci iri-iri. Ki nemi wadda ta zauna miki daidai a kafaɗa da ƙirji, ko da launinta bai yi miki ba, ko da ta fi wadda kike so tsawo. Ki shimfiɗa ta a tabarma, ki auna faɗin baya, da zurfin hammata, da tsawon hannu, da faɗin bakin hannu, ki zana hotonta a littafi ki rubuta awon a jikin kowane gefe. A ganina wannan ita ce hanya mafi aminci ga wadda Turanci bai zauna mata ba tukuna, domin rigar kin riga kin sa ta a jikinki, kin san ta yi.

Ta uku ita ce waya. Yawancin tsare-tsaren da suke intanet da Turanci aka rubuta su, don haka da Turanci za ki nema. Ki kwafi wannan layi a littafinki harafi bayan harafi, sannan ki rubuta shi a Google ko YouTube:

cropped tie front cardigan free pattern

Idan da kwarashi za ki yi, ki ƙara kalmar crochet a farko. Idan da tsinke biyu ne, ki ƙara knit. Kada ki manta da wannan, saboda tsarin ɗaya ba ya yin aikin ɗayan.

Shafin hotuna na Pinterest ya cika da hotuna masu kyau, amma da yawa idan kin danna ba sa kai ki ko'ina. Ravelry ya fi shi amfani. Shafi ne na masu saƙa da aka buɗe a 2007, ana yin rajista kyauta da adireshin imel, kuma a ƙarƙashin tsari za ki ga hotunan mutanen da suka saƙa shi da hannunsu, masu jiki da sirara. Shafin DROPS Design, na wani kamfanin zare a ƙasar Norwe, yana ba da tsare-tsarensa kyauta, tare da zanen riga mai awo da santimita. Akwai kuma na sayarwa a shafin kasuwanci na Etsy da kuɗin waje, amma mai farawa ba ta buƙatar su.

Ki yi hattara da abu ɗaya. Yanzu akwai hotunan riguna da kwamfuta ce ta ƙirƙira su, babu hannun da ya taɓa saƙa su, sai a haɗa da bayanin da ba ya fitar da komai. Idan ba ki ga rigar a jikin mutum ta gaba da ta baya ba, ba ki kuma ga wata da ta gwada ta nuna tata ba, ki bar shi.

Idan kin sami tsarin da ya kwanta miki, kada ki dogara da data. Ki sauke shi a waya, ko ki kai shagon masu kwamfuta a buga miki a takarda, don ki riƙa sa alama da biro a layin da kika tsaya idan girki ko yaro ya tashe ki.

Wane fasali ya fi sauƙi

Ki duba zanen rigar kafin ki karanta komai. Mafi sauƙi ita ce mai falle biyar: baya ɗaya, gaba biyu, hannu biyu, kowanne miƙaƙƙe, a ƙarshe a haɗa da allura. Akwai wadda ake farawa daga wuya a gangaro, babu haɗi. Ta ɗan fi wuya a farko, amma kina iya sa ta a jiki tun ba a gama ba, ki tsaya a tsawon da kike so. Wannan yana da muhimmanci a wurinmu, domin masu tsara waɗannan riguna a Turai da Amurka sukan tsayar da su can saman cibiya. Ke kuwa a kan kaya za ki ɗora, kuma wataƙila kin fi son ta sauko ƙugu. Ƙara layi goma a ƙasa ba ya ɓata tsari, ulu kawai zai ƙara ci.

Ɗaurin ma iri biyu ne. Wani siririyar igiya ce ta sarƙa da ake maƙalawa a ƙirji. Wani kuma gaban rigar ne da kansa yake tsawo ya tsuke, a ƙulla shi a kan ciki. Ki fara da na igiya.

Haruffan da za ki gani

Masu rubuta tsari suna gajarta kalmomi. A na kwarashi, ch sarƙa ce, st ƙulli ne, sc gajeren ƙulli, dc dogon ƙulli mai naɗi ɗaya. A na tsinke, k saƙar gaba, p saƙar baya. Amma ki lura, Amurka da Ingila ba su haɗu a suna ba. Abin da Amurka take kira sc, shi Ingila take kira dc, kuma dc na Amurka shi ne tr na Ingila. Idan kin ga sc a ko'ina cikin takardar, to lissafin Amurka ne. Wadda ta rikita wannan, rigarta za ta fito da tsawon da ba shi aka nufa ba.

Tsarin da aka zana da alamomi ba ruwansa da yare. Ɗan ƙwai a kwance sarƙa ne, alamar × ko + gajeren ƙulli, harafin T mai karan tsaye da aka gitta sau ɗaya dogon ƙulli. Da waɗannan za ki iya bin zanen da aka yi a Japan ko Turkiyya.

Za ki kuma ga lambobi a jere kamar haka: 80 (88, 96, 104). Kowace lamba ta girma ɗaya ce, daga ƙarama zuwa babba. Ki auna ƙirjinki da tef a kan rigar da kika saba sawa, ki ƙara santimita 5 zuwa 10 don sakewa, ki zaɓi girman da ya fi kusa da wannan awo. Sannan ki bi takardar daga farko zuwa ƙarshe kina zagaye lambarki da biro. Idan da inci aka rubuta, juya tef ɗinki, ɗaya gefen inci ne. Inci 4 ya yi kusan santimita 10.

Saƙar gwaji

A nan ne aka fi yin asara, don haka mu tsaya sosai. Kowane tsari na kirki yana faɗin ƙulli nawa ne suke cika santimita 10. Wannan lissafin hannun mai tsarin ne da irin zarenta. Hannunki daban, ulun da za ki samu a Kano ma daban. Wata tana matse zare, wata tana sakinsa.

Kafin ki fara riga, ki saƙa ɗan falle mai faɗin santimita 15, ki ajiye shi a ƙasa ba tare da kin ja shi ba, ki ɗora tef a tsakiya ki ƙirga ƙullin da suke cikin santimita 10.

Ga misali. Tsari ya ce ƙulli 16 a santimita 10, ya ce a yi baya da ƙulli 80. Wato faɗin baya santimita 50 ke nan, domin 16 sau 5 shi ne 80. Ke kuma da kika ƙirga naki, sai kika sami 18. Idan kika bi takarda kika yi 80, bayanki zai tsaya a wajen santimita 44. An rasa 6 a baya, za a rasa wajen 6 a gaba, rigar ta matse da fiye da santimita 10, igiyar ma da ƙyar za ta haɗu. Maganinsa biyu ne. Ko ki ɗauki kwarashi mafi kauri ki sake gwaji har ki sami 16, ko ki bar hannunki yadda yake ki gyara lissafi: 18 sau 5, ƙulli 90. Ga mai bin awon gwanjo, wannan hanya ta biyu ita ce dukan aikin. Kin san faɗin da kike so, kin san ƙullinki a santimita 10, sai ninkawa.

Na san mai ɗokin sabuwar riga tana ganin gwajin ɓata lokaci ne. Aikin rabin awa ne, kuma ya fi ki warware saƙar mako biyu.

Sayen ulu

Tsari yakan faɗi kaurin zare da lamba daga 0 zuwa 7. Irin wannan suwaita an fi yin ta da lamba 3 ko 4. Ulun kasuwa ba kullum yake zuwa da lamba ba, shi ya sa za ki je da takardarki da kwarashinki wurin masu kayan ɗinki da saƙa a Kasuwar Sabon Gari. Ku karanta wannan hira bibbiyu a aji:

"Salamu alaikum, Alhaji, ina wuni? Ulu nake nema na suwaita."

"Lafiya lau, Hajiya. Guda nawa za a ba ki?"

"Bari in ga takardar jikinsa tukuna. Mita nawa ne a dunƙule ɗaya?"

"Ga shi nan an rubuta, 200."

"Tsarina ya ce mita 800. Huɗu ke nan, amma zan ƙara tsawo. Ba ni biyar, kuma don Allah duka daga leda ɗaya."

Ta nemi na leda ɗaya ne saboda rini yakan bambanta. Ja na yau da ja na wata mai zuwa suna iya saɓawa, kuma a rana bambancin yake fitowa. Da tsawon zare ake lissafi, ba da girman dunƙule ba. Yawancin ulun kasuwa na roba ne, yana da ɗumi da sauƙin wanki, amma ba ya son dutsen guga mai zafi. Wadda take son ta riƙa sawa har bayan hunturu ta nemi zaren auduga.

Idan don sayarwa za ki saƙa, ki duba ƙarshen takardar, masu tsari sukan rubuta ko sun yarda a sayar da rigar. Takardar da wata ta sayar miki kuwa haƙƙinta ce, ba a yin fotokofinta a raba. Ki kuma fara aiki tun Satumba ko Oktoba, kafin masu saye su fara tambaya.

Aikin gida

Ki auna ƙirjinki, da tsawon da kike so daga kafaɗa zuwa ƙugu, da tsawon hannunki, ki rubuta su da santimita. Ki nemo tsari ɗaya ta ɗaya daga cikin hanyoyi ukun da muka faɗa, ki kwafe irin zare da girman kwarashi da yawan ƙulli a santimita 10. Ki saƙa fallen gwaji ki zo da shi aji tare da tef. Sannan ki amsa wannan a littafinki: idan ƙullinki 14 ne a santimita 10, kina son baya mai faɗin santimita 55, da ƙulli nawa za ki fara?