Matakan buga hoton fure irin na Andy Warhol

A shekarar 1964, a birnin New York, mai zanen nan ɗan Amurka Andy Warhol ya buga hotunan furanni ta hanyar tura fenti ta cikin raga, kuma ana iya gwada wannan a gida.

Da farko, a ɗaure raga, wato ƙyalle mai ƙananan ƙofofi, a jikin firam na katako har ya miƙe sosai. Sannan a zana fure a takarda mai kauri, a yanke cikinsa da reza, a manna takardar ƙarƙashin ragar. A ɗora firam ɗin a kan takardar da za a buga hoton, a zuba jan fenti a gefe guda na ragar, a ja shi da faffaɗar roba sau ɗaya da ƙarfi, domin maimaitawa kan sa fenti ya malale ya ɓata gefen furen. Kada a buga baƙin fenti a kai sai jan ya bushe sarai.