Idan mod ɗin GTA San Andreas ya ƙi tashi a Linux, ga inda nake fara dubawa

Ranar 14 ga Oktoba 2025 aka daina sabunta tsaron Windows 10, kuma tsohuwar kwamfutar cinyata ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0 da Windows 11 ke nema. Sai na ɗora mata Linux Mint. Abubuwan aikina duk sun zauna lafiya. Da dare bayan sallar isha'i ƙanena ya buɗe GTA San Andreas kamar yadda ya saba, wasan ya tashi sumul, kiɗa na tashi, CJ, jarumin wasan, na tsaye a unguwarsu. Ba a yi minti biyu ba ya leƙo ya ce, "Yaya, motocinmu fa babu ko ɗaya."

Shekaru muka yi muna tara mod a wasan nan, wato ƙarin da masu sha'awa ke ƙerawa a ɗora wa wasa: motoci, babura, gyaran hasken sararin sama, da wata farar Corolla da yaron nan ba ya hawa komai sai ita. Na kwafo foldar gaba ɗaya daga Windows, babu fayil ɗin da ya ɓata. Amma wasan ya yi kamar bai san da su ba. Babu saƙon kuskure, bai kuma rufe kansa ba. Dare uku na yi a kai. Abin da zan fara roƙonka shi ne kada ka goge wasan ka sake saukewa. Kusan gigabait 5 ne, datarka za ta tafi, kuma za ka dawo inda kake, domin mod ɗin lafiyarsa ƙalau. Wanda ke ɗauko shi ya shigar da shi cikin wasan ne ba a bari ya shigo ba.

Sai ka gane yadda abin yake tafiya kafin ka taɓa komai. San Andreas ya fito a kwamfuta a 2005, kuma ba a gina shi da ƙofar shigar mod ba. Masu mod suka yi dabara: suka ƙera wani ƙaramin fayil suka ba shi sunan fayil ɗin da wasan ke kira duk lokacin da ya tashi, misali dinput8.dll, wanda asalinsa na kula da madannai da abin riƙewa ne. Wasan ya kira shi, shi kuma ya ɗauko duk fayilolin da ke ƙarewa da .asi, irin su CLEO.asi da modloader.asi, su kuma su ɗauko sauran kayan. Ɗan dako ne ke nan. A Windows, idan wasa ya kira dinput8.dll, na cikin foldarsa ake fara ba shi. A Linux kuwa wasan yana gudana ne ta Proton, wanda Valve, kamfanin da ke da Steam, manhajar saye da buɗe wasanni, ya fitar a 2018 a kan Wine, manhajar da ke gudanar da kayan Windows a Linux, kuma Wine yana da nasa dinput8 na gida. Idan ba ka ce masa komai ba, yana iya miƙa wa wasan nasa, naka na zaune a folda ba wanda ya kula shi. Shi ya sa wasan ke tashi lafiya ba tare da mod ko ɗaya ba.

Maganin layi ɗaya ne. A Steam ka danna wasan da maɓallin dama, ka shiga Properties, a gurbin Launch Options ka rubuta:

WINEDLLOVERRIDES="dinput8=n,b" %command%

Harafin n yana nufin a fara da fayil ɗin da ke foldar wasan, b kuma a koma na Wine idan ba a sami wancan ba. Ka rubuta dinput8 ba tare da .dll ba, kuma kada ka manta da %command% a ƙarshe, da alamar kaso gaba da baya. Idan ka kwafo layin daga WhatsApp ko wani shafi, ka goge alamomin zancen ka sake buga su da hannunka, don wani lokaci suna zuwa a lanƙwashe, kuma lanƙwasassu ba sa aiki. Idan ɗan dakonka wani suna yake ɗauke da shi, kamar dsound.dll ko winmm.dll ko version.dll, sunan za ka sa a madadin dinput8. Akwai kuma ɗan dakon wani mai ƙera mod da ake kira Silent, da ke zuwa da sunan vorbisFile.dll. Shi Wine ba shi da irinsa, don haka ba ya bukatar wannan layin. Wannan ne dalilin da abokinka zai ce maka nasa ya tashi bai yi komai ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Kada ka tsaya kan zato, ka sa Proton ya rubuta maka rahoto. Ƙara PROTON_LOG=1 a farkon layin:

PROTON_LOG=1 WINEDLLOVERRIDES="dinput8=n,b" %command%

Ka buɗe wasan, ka shiga ciki, ka fita. A babbar foldarka ta gida za ka ga steam-12120.log, domin 12120 ita ce lambar San Andreas a Steam. Fayil ɗin dogo ne, kada ka ce za ka karanta shi duka. Buɗe Terminal ka buga:

grep -i dinput8 ~/steam-12120.log

Ka duba kalmar ƙarshen layin da ke cewa Loaded. Idan builtin kaɗai ka gani, na Wine ne ya shiga, layinka bai kama ba. Idan ka ga native tare da hanyar foldar wasanka, ɗan dako ya shigo. Ranar da na ga wannan kalmar, ƙarfe ɗaya na dare ya wuce, na san rabin aikin ya ƙare. Daga nan ka nemi kalmar asi haka nan, ka ga waɗanda suka shiga. Ka kuma nemi "not found". Layin da ke ɗauke da import_dll zai faɗa maka sunan fayil ɗin da aka rasa da wanda ke nemansa. CLEO, alal misali, yana tafiya da bass.dll, idan ba ya kusa da shi ba zai tashi ba. In ka gama bincike ka cire PROTON_LOG=1, don rahoton na cin wuri.

Idan rahoto ya nuna an ga fayil ɗinka amma ya ƙi shiga, ka duba ko ka sauke wanda bai dace ba. San Andreas wasa ne mai bit 32, ko da kwamfutarka mai 64 ce. Ɗan dakon da ake kira Ultimate ASI Loader yana zuwa iri biyu. A cikin foldar wasan ka buga file dinput8.dll. Idan amsar ta ce PE32 da 80386, shi ne daidai. Idan ta ce PE32+ da x86-64, ka sauya shi.

Sannan shi kansa wasan. Yawancin mod an yi su ne don sigar 1.0 ta Amurka, ta Steam kuwa daga baya ta fito, shi ya sa ake mayar da ita baya. A nan akwai tarko: fayil ɗin 1.0 sunansa gta_sa.exe da layi a ƙasa, Steam kuma gta-sa.exe yake kira, da layi a tsakiya. A Windows wataƙila kana danna naka kai tsaye daga tebur, ba ka taɓa lura ba. A Linux ta Steam kake shiga, don haka ka ajiye na Steam a gefe, ka kwafi gta_sa.exe ka sa wa kwafin suna gta-sa.exe. Kuma kada ka danna Verify integrity bayan haka, zai mayar maka da na Steam ɗin.

Yanzu ga wanda ya fi cin lokacina, kuma shi ne na fi so ka natsu a kai. Bayan ɗan dako ya shigo, babura suka dawo, CLEO ya nuna rubutunsa a ƙasan allo, amma wasu kayan da muka zuba kai tsaye cikin foldojin wasan ba su fito ba, har da gyaran tuƙin Corolla. Na buɗe foldar wasan na zuba mata ido. Ga data, ga kuma Data a kusa da ita. Ga models, ga Models. A Windows babban harafi da ƙarami duk ɗaya ne a sunan fayil, don haka idan mai mod ya rubuta Data, kayansa za su zube cikin data, su maye gurbin na da. A Linux sunaye biyu ne daban. Wasu mod ɗin na sake warware su daga zip bayan na koma Linux, sai kowanne ya gina tasa foldar a gefe. Handling.cfg ɗinmu yana cikin Data, na asali yana cikin data.

Wine yana ƙoƙarin rufe wannan bambancin. Idan wasa ya nemi fayil, yana fara neman sunan da ya yi daidai harafi da harafi, in bai samu ba ya ɗauki wanda ya fara cin karo da shi mai kama da shi. To buɗe gta.dat ka gani: hanyoyin da ke ciki da manyan haruffa aka rubuta su, DATA da MODELS. Ke nan babu wadda ta yi daidai cikin biyun, ɗaya kawai za a ɗauka a bar ɗayar. Ga yadda za ka kamo tagwayen nan duka. Ka buɗe Terminal a cikin foldar wasan ka buga:

find . | sort -f | uniq -di

Duk sunan da ya fito yana da ɗan'uwa mai bambancin harafi. Ka kwashe abin da ke cikin sabuwar foldar ka zuba a ta asali, ka goge wadda ta zama fanko. Ka kula da fayilolin ciki ma: Handling.cfg ba zai maye gurbin handling.cfg da kansa ba, sai ka ajiye na asali a wani wuri ka sauya wa sabon suna. Ka sake buga umarnin har ya daina fitar da komai. Tun daga ranar na daina zuba mod kai tsaye cikin data ko models. Kowane mod ina ba shi foldarsa a cikin modloader, wanda dama don haka aka yi shi, kuma yana rubuta abin da ya ɗauka da abin da ya tsallake a modloader.log. Ni a ganina wannan ita ce hanyar da ta dace ko a Windows, balle a nan.

Wani abin da ke zuwa daga zip: idan ka ga fayil mai dogon suna da karkataccen layi a ciki, kamar models\cars\abu.dff duk a suna ɗaya, manhajar da ta warware shi ba ta gane layin Windows a matsayin rabuwar folda ba. Ka sake warwarewa da umarnin unzip.

Idan mod ɗin da .exe yake zuwa, mai girka kansa, kada ka danna shi sau biyu haka kawai. Proton yana gina wa kowane wasa ƙaramin gidan Windows nasa, na San Andreas yana steamapps/compatdata/12120/pfx. Abin da ka girka a wani gidan, wannan bai san da shi ba. Protontricks ne ke shigar da kai gidan da ya dace, kuma da shi ake ƙara kayan da wasu mod ke nema:

protontricks 12120 vcrun2022 d3dx9

Ba na sa waɗannan sai rahoto ko bayanin mod ɗin ya nuna ana bukatarsu. A cikin gidan nan ne kuma ajiyar wasanka take, a drive_c/users/steamuser/Documents/GTA San Andreas User Files. Can za ka zuba tsofaffin ajiyoyinka na Windows. Amma gta_sa.set kada ka kawo shi, saitin allon waccan na'urar ne a ciki. Idan wasan na mutuwa tun kafin ya nuna komai, goge shi, zai ƙera sabo. Foldar .steam, wadda ta ita ake kaiwa ga steamapps, ɓoyayya ce, sai ka danna Ctrl da H za ka gan ta. Wanda ya girka Steam ta Flatpak kuma tasa tana ƙarƙashin .var/app/com.valvesoftware.Steam.

Masu Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ku kuma ga naku. Idan wasan yana kan ɓangaren faifai na NTFS, wato tsarin faifan Windows, kuma Fast Startup, saitin saurin kunnawa, na kunne a Windows, Linux na iya buɗe faifan don karatu kawai. Wasan zai iya tashi, amma abin da ke son rubuta fayil ba zai iya ba. Ka gwada touch gwaji.txt a foldar wasan. Idan ya ce Read-only, ka koma Windows ka kashe Fast Startup, ka kashe kwamfutar gaba ɗaya. Haka ma idan wuta ta ɗauke Windows na kunne, batir kuma ya mutu, faifan kan zauna a wannan halin har sai Windows ta sake duba shi. Ni dai na kwashe wasan na mayar da shi ɓangaren ext4, tsarin faifan Linux, na huta.

In duk wannan ya daidaita amma wasan na rufewa a tsakiyar lodi, to mod ɗaya ne ke rigima. Ka fitar da rabin foldojin da ke cikin modloader ka gwada. Ya tashi, mai laifin na cikin waɗanda ka fitar. Bai tashi ba, yana cikin waɗanda suka rage. Ka sake raba wannan rabin biyu. Mod 40 ba za su wuce gwaji 6 ba. Namu wani gyaran inuwa ne da ke zuwa da nasa d3d9.dll, na sa shi a layin nan na farko kamar haka, "dinput8,d3d9=n,b", ya shiga amma allo ya yi baƙi, sai na cire shi na bar SilentPatch, mod ɗin gyaran kurakuran wasan, da sauran. Da safe na miƙa wa ƙanena kwamfutar, ya buɗe garejin Grove Street, ya ce, "Yaya, ga ta nan," ya ja Corollarsa ya fita.