Yadda za ka duba tattalin arziki kafin ka sayi hannun jari a kasuwar NGX

Da yawanmu muna sayen hannun jari ne don an ce mana kamfani kaza yana tashi. Amma a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya da ke Legas, abin da ke juya farashi sau da yawa daga Babban Banki yake fitowa, ko daga kasuwar canji. Ga abin da nake dubawa kafin in kira dillalina.

Fara da dala, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi farashinta da kanta. Daga kusan naira 460 kan dala ɗaya ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. To ka buɗe rahoton shekara na kamfanin da kake so, ka nemi amsar tambaya ɗaya: da dala yake samun kuɗi, ko dala ake binsa? MTN Nigeria, duk da yawan masu layinsa, ya tafka asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, saboda bashi da kuɗin hayar turakun sadarwa da ke ɗaure da dala. Nestlé ma ya sha irin wannan. A 2023 ɗin kuwa bankuna irin su Zenith da UBA, masu dala a ajiye, suka kwashi riba mai tsoka. Faɗuwar wani tashin wani.

Daga nan sai kuɗin ruwa. Kwamitin da ke tsayar da shi a Babban Banki yakan zauna kusan duk bayan wata biyu, don haka ka rubuta ranakun zamansa. A 2024 kaɗai ya ɗaga shi daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari. In ya hau haka, masu kula da kuɗin fansho sukan karkata ga takardun lamunin gwamnati, masu sayen hannun jari su ragu, kamfanin da ke da rancen banki kuma ya ji a jikinsa. Ko kai mai gudun kuɗin ruwa ne, kana zaɓa daga NGX Lotus Islamic kaɗai, wato jerin kamfanonin da harkarsu ta dace da shari'ar Musulunci, wannan iskar za ta same ka, don kasuwa ɗaya kuke ci.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma abin yana damuna. Ka cire hauhawar farashi daga ribarka. A 2024 ma'aunin da ke nuna tashin farashin hannun jari a kasuwar baki ɗaya ya tashi da sama da kashi 37, amma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi a Disamba ta kai kashi 34.8. Wanda ke murna da wannan riba, in ya shiga kasuwar Singa zai tarar buhun shinkafa ya cinye kusan dukkanta. Hukumar kan fitar da alƙalumanta a tsakiyar kowane wata. Ka kuma tambayi kanka ko kamfanin zai iya ƙara kuɗin kayansa ba tare da masu saye sun gudu ba.

Farashin ɗanyen mai kuwa, leƙawa sau ɗaya a mako ta isa. In ya faɗi, dalar da ke shigowa ƙasa ta ragu, sai ka koma tambayar farko ka sake duba wa ake bi dala.