Yadda Lauya Zai Yi wa Jama'a Rubutu Kan Doka

Lauyoyi matasa kan tambaye ni ko akwai riba a zauna a yi wa jama'a rubutu kan doka, alhali ba mai biyan ka, ga kuma fayil sun yi tsiri a kan tebur. Amsata ita ce akwai, sai dai ba inda suke hangen ta ba. Su hankalinsu yana kan masu neman lauya da za su karanta su biyo su ofis. Hakan yakan faru, amma a hankali, kuma ba shi da tabbas. Ribar da ke zuwa da wuri taka ce kai marubucin. Duk dokar da ka iya warware wa wanda bai taɓa taka ƙofar kotu ba har ya gane, ranar ka san ta da gaske. Da yawanmu sai mun ɗauki alƙalami muke gano cewa abin da muke ta jaddada wa alƙali da ƙarfin murya hadda ce kawai.

Ka fara da tambayar da mutane ke yi maka, ka bar batun da kake so a ce ka ƙware a kai. Ajiye ɗan littafi a aljihu, duk sanda wani ya tsare ka da "Barista, don Allah in tambaye ka," ka rubuta tambayar yadda ta fito daga bakinsa. Ba za a daɗe ba za ka ga 'yan tambayoyi ƙalilan ne ke ta maimaita kansu: ɗan haya da aka ce ya tashi, ma'aikacin da aka sallama ba takarda, wanda ya tsaya wa abokinsa a bashi abokin ya gudu, wanda 'yan sanda suka gayyata yana so ya san ko dole ne ya yi magana. Kowace ɗaya rubutu guda ce mai zaman kanta. Kada ka haɗa biyu. Wanda ya ce zai yi bayanin dokar haya gaba ɗayanta a zama ɗaya, littafin makaranta zai rubuta, kuma ɗan hayan da aka ba wa wa'adi ba shi da lokacin karanta shi.

Da ka tsai da tambaya, sai karatu, kuma nan ne mafi yawan masu rubutu ke yanke hanya. Sukan ɗauko taƙaitaccen bayanin hukunci daga jarida ko daga littafin da suka yi jarrabawa da shi, su gina komai a kai. Ka nemo hukuncin kansa ka karanta daga farko har ƙarshe, har da ra'ayin alƙalan da ba su yarda da masu rinjaye ba.

Ga misali da shari'ar da duk ɗalibin lauya ya sani, ta Donoghue da Stevenson. A watan Agusta na 1928, a garin Paisley na Sikotland, wani ya saya wa May Donoghue lemon citta a kwalba mai duhu wadda ba a ganin cikinta. Ta sha wani kaso, da aka juye ragowar sai ta ce ruɓaɓɓen dodon koɗi ya fito, ta kuma kamu da ciwon ciki. Ba ita ta sayi lemon ba, saboda haka babu yarjejeniyar ciniki tsakaninta da mai shagon, balle da mai masana'antar, David Stevenson. Shari'ar ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙarshe, kuma a 1932 alƙalai 3 cikin 5 suka goyi bayanta. Daga nan ne dokar sakaci ta zamani ta samo tushe: mai sarrafa kaya yana da nauyin kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su, ko da ba su taɓa ƙulla ciniki ba.

To, jeka duba yadda ake ba da wannan labari. Sau da yawa za ka ga an rubuta cewa kotu ta samu Stevenson da laifin sayar da lemo mai dodon koɗi. Kotu ba ta faɗi haka ba. Tambayar da aka kai gabanta ita ce: in har abin da matar ta faɗa gaskiya ne, doka ta ba ta damar neman diyya? Suka ce ta ba ta, suka mai da shari'ar kotun da ta fito don a saurari shaidu. Ba a kai ga sauraron ba, Stevenson ya rasu, aka sasanta a wajen kotu. Har yau babu alƙalin da ya tabbatar cewa akwai dodon koɗi a kwalbar nan. Wanda ya karanta hukuncin da kansa ba zai yi wannan kuskure ba, kuma shi ne zai iya nuna wa mai karatu wani abu mai amfani: cewa kotu na iya ba ka damar yin ƙara ba tare da ta ce kai ke da gaskiya ba. Mutane da yawa na murna ko baƙin ciki da hukunci saboda ba su san wannan bambanci ba.

Yanzu rubutun kansa. An horar da mu mu fara da tarihi, mu jero sassan doka da hukunce-hukunce, mu ɓoye amsa sai a layin ƙarshe. Juya shi. Amsa a sakin layi na farko, dalili ya biyo baya, sannan inda dokar ta yi togaciya, sannan abin da mutum zai yi gobe da safe. Ɗauki batun tsaya wa mai cin bashi. Lauya zai so ya buɗe da cewa "lamuni wani nau'in yarjejeniya ne wanda a ƙarƙashinsa wani ɓangare na uku ke ɗaukar alhakin wajibcin wani." Ba ƙarya ya yi ba, amma mai karatu ya riga ya tafi. Gwada haka: "In ka sa hannu ka tsaya wa wani a bashi, ya kasa biya, mai kuɗin zai iya zuwa kanka, ko da ba ka ci ko kaɗan daga kuɗin ba." Daga nan sai ka kawo togaciyar, misali a Ingila, wata doka ta 1677, wadda sashenta kan tsaya wa mai cin bashi ke aiki har yau, ta ce irin wannan alkawari ba ya kama mutum a kotu sai in akwai shi a rubuce da sa hannunsa. Mai karatu da ya tsaya wa wani da fatar baki kawai zai miƙe zaune a daidai wannan layi.

Ka lura na ce "a Ingila." Kowane rubutu ka faɗi ƙasar da kake magana a kai, in ƙasar mai jihohi ce ka faɗi jihar, don doka ba ta tsallaka iyaka amma rubutu yana tsallakawa. Lambar sashe da sunan hukunci ka sa su, kaɗan, don mai son bincike da kuma abokan aiki da za su auna ka. Kalmomin Latin ka bar su a ofis.

Sirrin wanda kake wakilta shi ne inda na fi tsananta wa matasa. Labaran da suka fi daɗi duk a fayil ɗinka suke, kuma su ne ba naka ba. Wasu na ganin da zarar an karanta hukunci a bainar jama'a, bakinsu ya buɗe. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da ra'ayinta mai lamba 480 a 2018 kan wannan batu, ta ce nauyin riƙe sirri bai faɗi ba don kawai maganar tana cikin takardun kotu da kowa zai iya dubawa. Sai da izinin wanda lauyan ke wakilta. Ta ƙara da cewa fakewa da "a ƙaddara wani mutum" ba ya wanke lauya, muddin mai karatu zai iya gano wanda ake nufi. Ƙa'idar ƙasarka na iya bambanta da wannan, ka duba ta, amma ni da wannan ma'auni nake aiki. Canza suna bai isa ba. In ka ce wata bazawara mai 'ya'ya huɗu da ke rigima da ƙanin mijinta kan gida mai hawa biyu, duk danginta sun gane ta, kuma wanda ke shirin ɗaukar ka aiki ya ga yadda kake yi da amanar mutane. Ka ƙirƙiri misalinka daga tushe, ko ka ɗauko shari'ar da ba ka da hannu a ciki.

Shari'ar da ke gaban kotu kuwa, ka yi bayanin matakin da take da abin da doka ta tanada, ka tsaya nan. Kada ka yanke hukunci kafin alƙali. A Ingila dokar raina kotu ta 1981 na kama wanda ya wallafa abin da zai iya yin mummunan tasiri ga shari'ar da ke gudana, ko da bai yi niyyar haka ba. Wanda ake tuhuma kuma sunansa wanda ake tuhuma har ranar hukunci; ka kira shi ɓarawo, ka buɗe wa kanka ƙofar ƙarar ɓata suna. Sukar hukunci bayan an yanke shi halal ce, aikinmu ne ma, amma ka soki hujja ka bar mutuncin alƙali.

Da rubutu ya fita, saƙonni za su fara shigowa: "Barista, nawa kusan irin wannan ne, ya kake gani?" Nan ne baki ke yanka wuya. A jihar Minnesota ta Amurka wata mata, Misis Togstad, ta je wurin wani lauya kan mijinta da ya shanye bayan jinya a asibiti. Sun zauna kamar awa ɗaya, bai karɓi kuɗi ba, ba a sa hannu a komai ba. A cewarta ya gaya mata ba ya ganin suna da ƙara. Ta koma gida ta haƙura, har wa'adin shekara 2 na shigar da ƙara ya wuce. A 1980 Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da diyyar kusan dala 650,000 a kan ofishin lauyan, bisa cewa matar ta nemi shawara, an ba ta, ta kuma dogara da ita. To ina ga wanda ya ba da amsa cikin layi biyu ba tare da ya ga takarda ko ɗaya ba? Abin da nake rubuta wa irin waɗannan ba ya canzawa: ba zan iya faɗin komai kan shari'arka ba sai na ga takardu, ka nemi lauya da wuri, domin akwai wa'adin da in ya wuce kotu ba za ta saurare ka ba. Ka kuma sa layi ɗaya a ƙarshen kowane rubutu cewa bayani ne na gama-gari. Layin yana da amfani, amma ba zai cece ka ba in ka koma bayan fage kana ba mutum shawara a kan lamarinsa.

Batun talla gajere ne. A Amurka sai 1977, a shari'ar Bates, Kotun Ƙoli ta buɗe wa lauyoyi damar tallata aikinsu, kuma ƙasashe da dama har yanzu suna da tsauri. Karanta ƙa'idojin aikin lauya na inda kake kafin ka wallafa komai. Ko ba ƙa'ida ma, rubutun da ke lissafa nasarorin marubucinsa ba ya karantuwa.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya taya ka gyara jimla, amma kada ka karɓi sunan hukunci daga gare su ba ka buɗe shi da idonka ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a ƙarar da aka shigar kan kamfanin jiragen sama na Avianca, saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙago, babu su a ko'ina. Su dai, alƙali da lauyoyin ɗaya ɓangaren ne suka kama su. Kai mai yi wa jama'a rubutu ba ka da mai kama ka. Mai karatu zai ɗauka ya yi aiki da shi.

Kafin ka saki rubutu, ba wa wanda ba lauya ba ya karanta. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi. Ce masa ya ajiye takardar ya faɗa maka da bakinsa abin da zai yi in shi ne ɗan hayan. In ya faɗi abin da ba ka nufa ba, gyaran naka ne. Inda ya tsaya ya sake karanta layi, yi alama, a nan jimlar ta yi nauyi. Sannan ba wa abokin aiki ɗaya mai son musu, ya nemo inda sauƙaƙawa ta kai ka ga faɗin abin da doka ba ta faɗa ba.

Kada ka ɗaukar wa kanka alkawarin rubutu kullum. Ɗaya mai kyau a wata ya fi tarin na gaggawa, kuma lokacin da ka rage za ka buƙace shi wajen kula da tsofaffin rubuce-rubucenka. Sa kwanan wata a kan kowane rubutu, domin doka na motsi ko a inda ake ganin ta kafu. Hukuncin Chevron na 1984 ya shekara 40 lauyoyin Amurka na kafa hujja da shi kan yadda kotu za ta bi fassarar da hukumomin gwamnati suka yi wa doka, sai ga Kotun Ƙoli ta soke shi a watan Yuni na 2024. Duk bayanin da aka rubuta a kansa kafin ranar ya zama tarihi, amma yana nan inda aka wallafa shi, mutane na karantawa. Saboda haka ka riƙe jerin rubuce-rubucenka, kowane da dokoki da hukunce-hukuncen da ya dogara a kansu a gefensa. Duk sanda aka yi wa ɗaya gyara ko aka soke shi, ka koma kan rubutun, ka gyara, ka rubuta a samansa abin da ya canza da ranar da ka canza shi.